Yadda Ake Ɗibar Zumar Daji Ba Tare da An Kori Ƙudan Ba

A dazukan da ɗorawa da kaɗanya suka yawaita, itatuwan nan suna fure ne da rani, tsakanin Disamba da Maris, shi ya sa zumar da aka ɗiba da bazara, kafin saukar ruwan fari, ta fi kauri da ƙamshi. Mai amya zai gane lokaci ya yi idan ta yi nauyi, ƙamshi yana tashi daga bakinta.

A je ɗiba da magariba, lokacin da gari ya yi sanyi, a rufe fuska da raga, a ɗaure bakin wando da hannun riga. Abin da ake buƙata hayaki ne mai sanyi, wanda ake samu daga busasshen kashin shanu ko totuwar masara da aka kunna a gwangwani. Damin ciyawa mai ci da wuta da wasu ke cusawa cikin amya babbar ɓarna ce, domin yana ƙone ƙuda da sarauniyarsu, ya bar wa zuma ƙauri da toka, wani lokaci ma ya haddasa gobarar daji.

A hura hayaki kaɗan a ƙofa, a dakata jim kaɗan, sannan a buɗe ta baya, domin ƙudan sukan ajiye zuma can nesa da ƙofa, ƙwai da tsutsa kuma a gaba. Saƙar da za a yanka ita ce wadda suka liƙe ramukanta da farin kaki, aƙalla kashi 3 cikin 4. Wadda ba a liƙe ba ɗanya ce, ruwanta yakan haura kashi 20 cikin 100, tana shiga kwalba sai ta yi kumfa ta yi tsami. Kada a taɓa saƙar tsutsa, kuma a bar musu saƙar zuma biyu ko uku su ci kafin furen damina ya fito. Duk amyar da aka yashe ƙaf, ƙudanta ƙaura suke yi.

A gida, a farfasa saƙar a kan tsabtataccen ƙyalle da aka ɗaure a bakin busasshen bokiti, a rufe, ta kwana tana tsiyaya da kanta. Ɗora ta a wuta yana baƙanta ta, ya kashe ƙamshin furen. Kakin da ya rage a narkar da shi cikin ruwan zafi, a goga wani a cikin sabuwar amya don jawo ƙuda, sauran a kai kasuwa.