Mota ta daɗe a ajiye ta ƙi tashi? Ka saurare ta tukuna kafin ka fidda kuɗi

Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa suka jingine motocinsu suka koma hawa adaidaita, sai ranar biki ko ranar da za a kai mara lafiya asibiti a zo a murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Ni ma ta faru da ni, wata huɗu Corolla ɗina tana rufe da tamfol a ƙofar gida.

Toh kafin ma ka taɓa makulli ka buɗe bonet. Zaro gejin baƙin mai ka duba, leƙa ruwan lagireto, sannan ka haska fitilar waya cikin lungunan inji, don ɓera ba shi da gidan da yake so kamar motar da ba ta motsi.

Yanzu murɗa makulli ka kasa kunne, ƙarar ita za ta gaya maka inda ciwon yake.

In shiru ka ji, ko wani "kat kat kat" da sauri fitilun dashbod suna dishewa, batir ne, kusan kullum shi ne. Ko mota a kashe take akwai abubuwan da ke tsotsar wuta a hankali, agogo, sikiriti, kwamfutar mota, ga zafin garin nan da ke cinye batir. In kana da mitar auna wuta ka auna: mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi sosai. Amma dan Allah kar ka ruga kasuwa sayen sabo, duba kan batirin tukuna, sau da yawa za ka tarar wani farin gari ko kore-kore ya taru a kai kamar kanwa, shi ke hana wuta wucewa. Kwance na nagetif da farko, ka wanke da ruwan zafi, ka kankare da buroshin ƙarfe, ka mayar ka ɗaure tam. Wani lokacin iyakar matsalar kenan wallahi.

In jona waya za ku yi da motar maƙwabci, ja a kan + na batirinka, ɗaya bakin a + na nasa, baƙa a − na nasa, ƙarshenta kuma ka maƙala a jikin ƙarfen injinka nesa da batir, saboda tartsatsi. Kuskuren juya wayoyin nan yana ƙona fiyus har da kwamfuta, a nutsu. Mai manuwal zai iya tara yaran unguwa a tura, giya ta biyu, a saki kuloci in ta ɗau gudu. Otomatik kam kar ka wahalar da bayin Allah, ba ta tashi da turi.

In "kat" ɗaya tak ka ji alhali fitilu na haske tar, zargi kikista, wato na'urar da ke juya inji ya tashi. Wani ya riƙe makulli kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikinta da sifana, tana iya saki, amma ka kai wa mai rewaya daga baya.

Wanda ya fi cin rai shi ne inji yana juyawa lafiya lau amma ya ƙi kamawa. Nan sai ka koma kan mai. Murɗa makulli zuwa ON kawai ba tare da ka tada ba, ya kamata ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani na sakan 2 ko 3 daga wajen kujerar baya. Yi haka sau uku don mai ya hau layi sannan ka gwada. In ba ka ji komai ba duba fiyus da rile na famfon kafin ka yarda a sauke maka tanki. Shi kansa fetur yana tsufa, in ya yi watanni ƙarfinsa na raguwa warinsa ya koma kamar na fenti, tankin da ba komai cikinsa sosai kuma yana tara raɓa musamman da damina. In kaɗan ne ka ƙara sabo lita 10 a kai, in ya haura rabin shekara gara a zuƙe shi. Kuma kar ka danne makulli fiye da sakan 10, a huta minti ɗaya tsakani, in ba haka ba ka ƙona kikista ka ƙara wa kanka aiki.

Tawa dai duk ba waɗannan ba ne. Har na sayi sabon batir, asarar kuɗi, sai da wani yaron bakanike ya cusa hannu bayan inji ya zaro ɓawon gyaɗa da yagaggiyar leda, ashe ɓera ne ya gutsire wayar da ke zuwa kwayil ɗin fulogi. Minti goma ya haɗa ya naɗe da tef, bugu ɗaya ta tashi.

In ta tashi kar ka kashe, ka auna batir inji na aiki, volt 13.8 zuwa 14.4 na nufin altaneto, wato abin da ke cika batir, yana caji. Taka birki ka ji ya yi tauri kafin ka motsa, duba iskar taya, ka zaga da ita kamar rabin awa. In za ka sake ajiye ta, cire kan nagetif, ka sa dutse a taya maimakon jan hambirki, don in ya daɗe a ja yana mannewa.