Kurakuran da aka fi yi wajen canza manifol ɗin iska na tsohuwar motar kaya

Masu motocin kaya da yaran gareji na nan Sakkwato, ku zo mu yi maganar manifol ɗin iska, wato ƙarfen nan mai rassa da ke manne a gefen top silinda yana raba ma kowane silinda iskar da zai sha, in mota mai kabreta ce kuwa iska ce haɗe da fetur ke bi ta ciki. A ido aikin ba shi da wuya, shi ya sa oga ke bar ma ƙaramin yaro shi ya tafi wani aikin, kuma shi ya sa za ka ga injin ya fara shan baƙin mai bayan 'yan watanni ba wanda ya san mi ya jawo.

Kuskuren farko tun kafin a ɗauki sifana ake yin shi, a ɗora ma manifol laifin da ba nashi ba. Direba zai zo ya ce "Oga, motar nan ba ta riƙe silo, da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu", nan take a ce mashi je ka sayo manifol. Alhali sau da yawa gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da top, ne kawai ya huje, ko tiyon iskar da ke zuwa wurin birki ya tsage saboda zafin rana. A injin fetur, tada mota ka bar ta a silo, ka kasa kunne za ka ji tsiii inda take zuƙar iska, ko ka fesa maganin wanke kabreta kaɗan kaɗan a bakin haɗin, inda sautin injin ya canza to nan ne ɓarakar. Don Allah kada a yi wanga gwaji da fetur a gora kusa da salansa mai zafi. Injin gas kuwa daban yake, mai turbo waje yake huro iskar ba ciki yake zuƙa ba, alamarsa baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi a hawa da danshin mai a bakin haɗin, ruwan sabulu ma ya isa ya nuna maka wurin da kumfa.

In an tabbatar sai an kwance, a bari injin ya huce, a cire kan batir, sannan a sauke ruwan lagireto. Wasu ba su san cewa a injin irin 22R na tsohuwar Hilux ruwa na bi ta jikin manifol ɗin ba, suna sassauta noti sai ruwa ya kwarara cikin ramukan iska ya sauka kan fistin. Ruwa ba ya matsuwa, in ka buga sitata a haka kana iya lanƙwasa sandar fistin. In ruwan ya riga ya shiga a cire fulogi duka a juya injin da hannu ruwan ya fita, kuma a canza baƙin mai.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙura. Mu da ke aiki a fili, ƙasa rairayi, ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma motar da anka kawo ta yini tana jidar albasa daga Goronyo ko tana kai da komowa hanyar Illela, duk saman injin ya yi dattin mai haɗe da yashi, sai kawai a ɗaga manifol a haka komai ya zube cikin ramukan. Yashin nan sanfefa ne a cikin silinda, shi ke cinye ringi a hankali. A wanke wurin da kalanzir da buroshi kafin a kwance ko noti guda, da an ɗaga kuma a toshe kowane rami da tsumma mai tsabta, ba wanda anka tsinta a ƙasa ba. Ka ƙirga tsummokaran da ka sa, huɗu ne ko shida, ka ƙirga su wurin fitarwa. Haka noti da washa, a zuba su a gwangwani, in guda ya ɓace kada a tada injin sai an gan shi, don a injin gas tazarar da ke tsakanin kan fistin da top ƙarama ce ƙwarai, washa ɗaya ta isa ta lanƙwasa bawul ta fasa fistin.

Tiyo da wayoyi kuma ka ɗauki hotonsu da wayarka kafin ka zare, ba abin kunya ba ne.

Sai kankare tsohon gasket. Top ɗin 22R alminiyom ne, in ka sa sukudireba ko kurfi kana sassaƙa, kowane karce da ka bari hanyar iska ce da sabon gasket ba zai toshe ba. A jiƙa shi ya yi laushi, a bi shi da reza a kwance ko makankarin roba, har fuskar ta fito sumul ka shafa da yatsa ba ka ji komai ba. Manifol ɗin da anka sayo ma, musamman ɗan Beljiyam, kada a ɗaura shi daga hannun mai sifiya. A wanke cikinsa don wani ya daɗe ajiye a ƙasa, a duba kunnuwan da noti ke shiga ko akwai tsaga, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa a ɗaga ga haske, in haske na wucewa ta ƙasa ya gauce sai an kai an goge. A aza sabon gasket a kansa a ga ramuka sun yi daidai, kuma duk wata kafa da motarka ba ta amfani da ita a toshe ta da kyau, ba da tsinke da leda ba.

Gam, wallahi gam ya ɓata aiki da yawa. Mutum zai mayar da tsohon gasket ko ya yanko kwali ya lafta mashi gam gaba da baya, yana ɗaurewa gam ɗin ya matso ciki, injin ya zuƙe wani, wani ya shiga hanyar ruwa ya je ya toshe lagireto, a garin da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu. Kuma fetur na cinye gam ɗin nan a hankali, bayan kwana kaɗan iska ta dawo. A injin Toyota 3Y da 4Y ma manifol ɗin iska da na hayaƙi gefe guda suke, gasket ɗaya suke rabawa, kwali ba zai jure wannan wutar ba. Sayi gasket na gaske ka sa shi a bushe, gam sai inda littafin injin ya ce. In mai mota ya ce "Oga a lallaɓa dai, kuɗi sun yi kaɗan", ka gaya mashi gaskiya kuɗin gasket bai kai na ringi da fistin ba.

Wurin ɗauri akwai masu ganin sai an sa bututu a sifana an hau da ƙarfi. Notin manifol ɗin 22R wajen Nm 19 a ma'aunin ƙarfin ɗauri kawai yake so, abin da hannu guda ke yi da ƙaramar sifana. Wuce haka ko ka cinye zaren ramin da ke cikin alminiyom ko ka karya kunnen manifol. A fara ɗaura duka da yatsa, sannan a fara daga tsakiya ana fita gefe, sama da ƙasa, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙarawa kaɗan kaɗan, ba a ɗaure na ƙarshe tam sannan a koma ɗaya ƙarshen ba. A lura tsawon notin ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga gajeren rami zai tsaya kamar ya ɗauru alhali bai danne gasket ba. Ƙarfen nan da ke tallafe manifol daga ƙasa kuma a mayar da shi, na san yana da wuyar kai hannu, amma in babu shi girgizar hanya ce za ta tsaga sabon da anka sa.

Bayan an haɗa a cika ruwa, a tada mota da murfin lagireto a buɗe har iska ta gama fita, a zaro sandar mai a ga bai yi fari ba. In silo bai zauna ba kada a ruga a murɗa kabreta don a ɓoye matsalar, injin da ke zuƙar iska ta gefe yana zafi fiye da ƙima yana ƙona bawul, a sake gwajin fesawa tukun. A mayar da iya kilina, wato gidan matatar iska, da sabon fita da kilif ɗinsa duka, kuma a ce ma direba ya dawo da motar bayan ya yi tafiya ɗaya ko biyu, da safe injin na sanyi, a sake bin notin nan daga tsakiya.