Idan Makullin Babur Ya Ɓata

1. Fara laluben na biyun da aka haɗo da babur ɗin. Sau da yawa yana maƙale cikin takardu.

2. Babu shi? Nemo lambar makullin, tana kan ɗan ƙarfen da ke rataye da makullan asali. Da ita mai yankan makulli zai yanko sabo.

3. In lambar ma ta ɓata, bakanike ya kwance gidan makullin, ka kai wa mai yankan makulli ya auna haƙoransa. Riƙe takardun mallaka. Don Allah kar ka cusa sukundireba, lalata ramin za ka yi.

4. Makulli mai ɗan guntun na'ura a kai, kamar HISS, tsarin hana satar babur na Honda, sai dila ko ƙwararren mai makulli ya saita shi.

5. In sacewa aka yi, canja gidan makullin, har da na tanki. Yanko biyu, ajiye ɗaya a gida.