Darasi na Tara: Idan Sabuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Kun gama haɗa kwamfuta da hannunku. Kun ɗaure madabod, wato babban allon da komai ke jonuwa a kansa, a cikin gidansa, kun sa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ram (ma'ajiyar wucin gadi), kun jona wayoyi. Sai kuka danna madannin kunnawa, shiru kake ji. Ko kuwa fankoki suna ta juyawa amma monita baƙi ƙirin. A nan ne hankalin mutane da yawa ke tashi, har su fara zargin an sayar musu da lalataccen kaya. Ku kwantar da hankalinku. Sau tari babu abin da ya lalace. Wata waya ce ba ta shiga ba, ko wani abu bai zauna daram ba.

Doka ɗaya za ku riƙe a wannan aiki: ku taɓa abu ɗaya, ku gwada, sannan ku wuce na gaba. Wanda ya canza abu uku a tare, ko kwamfutar ta tashi, bai san me ya gyara ba, kuma gobe idan ta sake ƙi zai koma farko.

Kafin ku sa hannu a ciki, ku kashe makunnin da ke bayan fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ku zare waya daga bango, ku danne madannin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. Ku taɓa ƙarfen gidan kwamfutar don sauke wutar da jiki ke tarawa. Shi kuwa fawa saflai, kada ku kuskura ku kwance shi. Akwai sassa a cikinsa da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango.

Idan ko motsi ba ta yi ba

Ku fara daga bango. Soket ɗin yana da wuta? Ku gwada shi da fitila ko cajar waya. Sannan ku duba makunnin bayan fawa saflai: gefen da ke da alamar I shi ne kunne, mai alamar O kashe.

Wayoyi biyu ne ke ciyar da madabod. Babbar mai haƙora 24 tana shiga gefen dama, kuma tana da tauri, sai an danna da ƙarfi har maƙallinta ya kama. Ta biyun mai haƙora 8 ce, tana can sama ta hagu kusa da furosesa, a lungun da hannu ba ya shiga da sauƙi, shi ya sa ake yawan manta ta. Tana kama da wayar katin hoto, don haka ku karanta rubutun jikinta. Mai CPU ta furosesa ce, mai PCIe ta katin hoto ce. Kada ku tilasta ɗaya a gurbin ɗaya.

Saura siraran wayoyin da suka fito daga gaban gidan kwamfuta. Wadda aka rubuta wa POWER SW ita ce ta madannin kunnawa, kuma haƙora biyu kacal take hawa a cikin jerin ƙananan haƙoran da ke ƙasan madabod. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa madannin ya zama banza. Littafin da ya zo da madabod yana da zanen wurin, ku buɗe shi. Masu gyara suna da dabara a nan: su cire wayar, su taɓa haƙoran nan biyu tare da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. In kwamfuta ta tashi, to laifin madannin ne ko wayarsa. Ku tabbata haƙoran biyu kaɗai kuka taɓa.

Fanka na juyawa, monita babu hoto

Wannan ya fi kowanne yawa. Ku leƙa baya tukuna. In kun sa katin hoto, wayar monita a jikinsa za ta shiga, can ƙasa, ba a bakin madabod da ke sama ba. In ba ku da katin hoto, ku tabbata furosesarku tana iya fitar da hoto da kanta. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da F ba ta iyawa, haka ma da yawa daga cikin Ryzen na gurbin AM4 waɗanda lambarsu ba ta ƙare da G ba. Ku kuma duba ko monita tana kan hanyar da kuka jona, HDMI ko wata.

Sai ram, kuma a nan zan so ku daɗe. Sandar ram tana iya zama kamar ta shiga alhali gefe ɗaya yana sama da kaurin farce. Ku cire ta. Ku dubi ƙasanta, akwai tsaga wadda ba a tsakiya take ba, ita za ku daidaita da tudun da ke cikin gurbin. Ku buɗe maƙallin, ku ɗora sandar, ku sa manyan yatsu biyu a kan gefe da gefe, ku danna har ku ji ƙas, maƙallin ya rufe da kansa. Ƙarfin da ake buƙata ya fi yadda sabon shiga yake zato. Idan madabod yana da gurabe huɗu ku kuma sanda biyu gare ku, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa ake so, wato A2 da B2. Har yanzu babu hoto? Ku bar sanda ɗaya a A2 ku gwada, sannan ku musanya da ɗayar.

Ga kuma abin da ke yaudarar mutane. Kwamfuta mai ram irin DDR5 takan ɗauki mintoci a kunnawar farko tana daidaita kanta da ram ɗin, monita baƙi, wani lokaci ma ta mutu ta sake tashi. Ku ba ta kamar minti biyar kafin ku yanke mata hukunci.

Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda binciken ya cije: furosesa, ram, katin hoto, ko faifan ajiya. Ku nufi can kai tsaye.

Ta tashi, ta mutu nan take

Ku duba fankar furosesa. Wayarta a CPU_FAN take shiga. A ƙasan ƙarfen da ke sanyaya furosesa sau da yawa akwai siririyar leda da ya kamata a ɓare kafin a ɗora, in an bar ta zafi ba zai fita ba.

Wani dalilin shi ne ƙasan madabod yana taɓa ƙarfen gidan. 'Yan gajerun ginshiƙan da ake ɗaure shi a kansu dole kowanne ya dace da ramin noti. Ginshiƙi ɗaya da ya tsaya a inda babu rami, ko noti da ya faɗa ƙarƙashi, yana iya haɗa wuta. Hanyar ganewa ita ce ku fito da madabod ku ɗora shi a kan kwalinsa, da furosesa da fankarta, da ram ɗaya, da fawa saflai, da abin da zai ba da hoto. In ya tashi a waje, matsalar tana cikin gidan.

Ku bar ciro furosesa sai ƙarshe, domin haƙoranta siraran gaske ne kuma lanƙwasa su ba wuya. A Intel na zamani da Ryzen na gurbin AM5 haƙoran suna cikin gurbin madabod, a AM4 kuwa suna jikin furosesar. Ku duba su da haske mai kyau, ku kuma tabbata alamar kusurwa uku da ke jikinta ta dace da ta gurbin.

Saitin BIOS

A kan madabod akwai batiri mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Ku zare wutar bango, ku cire shi na minti biyar, ku mayar. Wannan yana mayar da saitin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod wadda ke tayar da kwamfuta, yadda ya fito daga kamfani. Wani lokaci kuma furosesa ta fi madabod sabunta. Misali, madabod B450 da ya fito a 2018 ba ya gane Ryzen 5000 na 2020 sai an sabunta BIOS ɗinsa. Wasu madabod suna da madanni a baya da ke yin wannan da filashi ko babu furosesa a kai. Ku bi littafinsa daki-daki, kuma kada wuta ta yanke ana cikin yi.

Idan rubutu ya bayyana a monita yana cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba, to yawanci kayanku lafiya suke, manhajar sarrafawa ce babu tukuna. Ku sa filashin Windows ko Linux, ku sake kunnawa, ku yi ta danna Delete ko F2 har BIOS ya buɗe, ku zaɓi filashin a matsayin na farko, ku adana da F10.