Babi Na Shida: Karanta Ledar Indomie Kafin A Dafa

Darasi na 1: Kwanan wata

Kowa ya ɗauko ledar Indomie ƙarama, irin wadda mai shayi ke haɗa muku da ƙwai. Kada a yage tukuna. Ku juya ta, ku nemi inda aka buga ƙananan lambobi da baƙin tawada. In ido bai gani sosai, a matsa kusa da taga.

Sau da yawa kwanan wata biyu za ku gani. Ɗaya ranar da aka yi ta a kamfani, ɗaya ranar da lokacin cin ta zai wuce. Na biyun muke nema. Kusa da shi akan rubuta BB ko EXP. Ku sa yatsa a kan waɗannan haruffa, kada ku ɗaga.

Misali: BB 15/08/2026. Lambar farko rana ce, ta tsakiya wata, ta ƙarshe shekara. Da shekara za a fara. In ta wuce, an gama magana, a mayar wa mai shago. In shekarar da muke ciki ce, sai a dubi ta tsakiya. 08 Agusta ke nan. Ku ƙirga da yatsu: Janairu 1, Fabrairu 2, Maris 3, har ku kai 8. Sifirin da ke gaba ba ya canza komai, 08 da 8 abu ɗaya ne.

Nan ne kowa ke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Wata baiwar Allah a ajin bara ta zubar da leda biyar, ta ce sun lalace, ashe ranar da aka yi su ta karanta. Har yau abin yana yi min ciwo, don kuɗin cefanen yini ne. Don haka mu maimaita: BB ko EXP tukuna, sannan shekara, sannan wata. Sake. BB ko EXP, shekara, wata. Madalla, Iya, haka ne.

Amma don Allah, masu cewa "ai mai shago ba zai cuce ni ba", ku daina. Shi ma ba ya dubawa. Wata uku muna koyon lambobi, in ba ku karanta wannan ba, me za ku karanta? Yatsa a kan BB. Shekara. Wata.

Darasi na 2: Dafawa

Ruwa kaɗan, wanda zai ɗan rufe taliyar. Ya tafasa tukuna, sannan a saka, a juye garin ɗanɗanon da ke ciki. Minti 3 ya isa. Garin nan gishiri ne da yawa, mai hawan jini ya sa rabi.

Darasi na 3: Ƙari

Ita kaɗai ba ta riƙe yaro. A fasa ƙwai, a yanka albasa da karas ko kabeji.

Aikin gida: kowa ya kwafo kwanan watan leda biyu a littafinsa, ya kawo ranar Asabar.