Darasi na Tara: Idan Ɗanka Ya Ce Zai Daina Shaye-shaye

Yawancin iyaye ba sa ganewa da wuri. Yaro ya koma barci har azahar, ya daina cin tuwon gida, canjin cefane yana ta ɓacewa. Sai wata rana uwa tana shara ta tsinci kwalbar kodin a bayan katifa, ko bawon tiramol a aljihun wandon da za ta wanke.

Ba gidanku kaɗai abin ya sama ba. Binciken da aka yi a 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun taɓa ƙwaya cikin shekara guda, kuma a duk huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayun shekarar gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Amma wanda jikinsa ya riga ya saba, doka ba ta warkar da shi.

Mai shan tiramol idan ya yanke, jikinsa ne yake fara tawaye: gumi, hamma, majina, gudawa, gaɓoɓi kamar an yi masa dukan tsiya, barci kuma ya ƙaurace. Wanda ya saba da ƙwayoyin sa barci irin su baliyam ko roci, yankewa lokaci guda tana iya jawo masa jijjiga. Saboda haka a fara da likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Zuwa Dawanau ba ya nufin mutum ya haukace.

Ina roƙonku, ku guji gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabo. Da yawa danginsu ne suka kai su, suna neman musu shiriya. Sarƙa tana tsare ƙafa, sha'awar kuwa tana nan tana jiran ranar fita.

Babban aikin yana farawa ne ranar da aka sallamo shi. Wani yaro a layinmu ya dawo daga asibiti, kawunsa kafinta ya ɗauke shi. Kullum da asuba sai ya ƙwanƙwasa masa ƙofa: "Taso, ɗana, an yi kiran salla." Daga masallaci su sha koko, su wuce shago, ya miƙa masa zarto. Kuɗin aikinsa hannun uwarsa suke zuwa, tana zuba masa adashe. Layin waya ma an canja masa, don tsoffin 'yan majalisarsa sun san lambar, kuma bayan magariba suke kira.

Wata huɗu ana haka, ya sake sha. Ya zo ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Kawu, na koma."

Kawun ya ajiye gudumar hannunsa, ya jima shiru. "Ka ci abinci? Gobe da safe mu koma wurin likita."

Komawa tana faruwa ga da yawa daga masu dainawa, wani sau biyu, wani fiye. Yaron da ya san ba za a kore shi ba zai faɗa da bakinsa. Wanda ake kira ɗan ƙwaya a gaban ƙannensa zai ɓoye. 'Ya mace ta fi shan wannan wahalar, domin gida kan rufe maganarta don tsoron kada ta rasa miji, har cutar ta ci ta.

Uwar ma kada a bar ta ita kaɗai. Ku leƙa ta, ku kama mata aiki ranar zuwa asibiti.

Aiki: Rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da garinku, da kuɗin motar zuwa. Sannan rubuta mutum biyu a danginku da za su iya yin abin da kawun nan ya yi.