Kurakuran da aka fi yi wajen ba 'yan tsaki bitamin

Da zarar ɗan tsako ya fara ɗingishi ko ya durƙusa a kan gwiwa, masu kiwo da yawa a Jos sai su ruga shagon magungunan dabbobi su sayo bitamin su juye a ruwa. Wani lokaci wannan ƙarin ne yake ƙarasa ƙafar.

Abincin buhu na kamfani an riga an zuba masa firimis, wato garin haɗin bitamin da sinadarai, daidai da bukatar tsako. Wanda ya ɗora masa bitamin a ruwa kullum, ga kuma allurar AD3E mai haɗin bitamin A, D3 da E, ya wuce gona da iri. Rarar bitamin B da C jiki yana fitar da ita. A, D, E da K kuwa taruwa suke yi a hanta da kitse.

Idan A ya yi yawa yana hana hanji tsotsar D3, kuma D3 ne ke taimaka wa jiki ɗaukar kalsiyam da fosforas, sinadaran gina ƙashi. Sai ƙafa ta lanƙwashe, baki ya yi laushi har yatsa ya iya tanƙwara shi. Abin takaicin, alamun nan iri ɗaya ne da na rashin bitamin, shi ya sa mai kiwo yake ƙara wani cokalin. Yawan D3 shi ma yana zuƙo kalsiyam daga ƙashi zuwa jini, ya je ya daskare a ƙoda. In an feɗe gawar, sai a tarar da ƙoda ta kumbura da farin abu kamar alli.

Gyaran shi ne a bar bitamin na ruwa ga lokacin wahala: isowar 'yan tsaki, bayan rigakafi, ko tsananin sanyin hunturu. Kwana 3 zuwa 5, da ma'aunin da aka rubuta a jikin ledar, sai a tsaya. Mai haɗa abinci da kansa ya bi awon firimis ɗinsa, yawanci kilo 2.5 a tan ɗaya, ya fara cakuɗa shi da ɗan garin masara kafin ya zuba a tulin.

Kada a ba tsako abincin kajin ƙwai. Kalsiyam ɗinsa ya kusa kashi 4 cikin 100, tsako kuwa kusan kashi 1 yake bukata.

Ba kowane ɗingishi ne na bitamin ba. Santsin ƙasa yana buɗe ƙafa, cutar Marek tana shanye ta. In mutuwa ta fara, a dakatar da duk wani ƙari, a kai sabuwar gawa ga likitan dabbobi ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, tare da ledojin duk abin da aka ba su.